Babi na Bakwai: Inda Ƙarfe Ya Ciji Katako

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda, ta ratsa Zurmi, ta bi ta Gurbin Bore zuwa Jibiya a watan Maris, da wuya ya yarda cewa akwai abin da ya haɗa mutanen ƙasar nan da jirgin ruwa. Gulaben duk sun koma yashi. Yara na buga ƙwallo a tsakiyarsu, mata na tona rami da ƙoƙo suna jiran ruwa ya tsatso, masu lambu sun kafa injin ban ruwa a bakin gaɓa suna shayar da albasa da tattasai. In ma ka ga kwalekwale, a kife za ka gan shi a gindin wata bishiya, 'yan awaki na tsalle a bayansa.

Ka dawo a watan Agusta ka ga ikon Allah. Ruwan da ya sauka a kudancin Katsina da gabashin Zamfara yana gangarowa ta Gagare, wanda ya bi ta gefen Ƙauran Namoda, da kuma Bunsuru, su nufi arewa maso yamma ta wajen Shinkafi da Isa, su haɗu su zama Gulbin Rima. Can gaba Gulbin Maradi, wanda ya bi ta Jibiya ya shiga Nijar ya sake dawowa, ya tarar da su. Ruwa ne ja, mai gudu, ɗauke da karare da rassan itace, wani lokaci har da bishiya guda da saiwarta. Inda aka taka da ƙafa jiya, yau ya shanye doguwar sanda. Gona tana tsallake, kasuwa tana tsallake, asibitin da za a kai mai naƙuda yana tsallake, gada kuwa sai a babbar hanya.

Wannan ita ce kakar masu fito. A da babban gora ne jirgin: a ɗora kaya a ka, mutum ya rungumi goran, mai fito ya yi iyo yana turawa. Sai kuma kwalekwale, a tura shi da sanda inda take taɓo ƙasa, a tuƙa da filafili inda ba ta kai. Aiki ne na ƙashi da jijiya. Mai fito na ƙwarai ba ya yanka gulbi kai tsaye, yakan haura da jirgin ta bakin gaɓa tukuna, sannan ya bar ruwa ya gangaro da shi zuwa mashigin da yake so.

Inji ba ɗan gida ba ne a waɗannan gulabe. Gidansa manyan ruwaye ne da ba sa ƙafewa: tafkin Kainji da aka datse a 1968, inda jiragen katako ke cin kasuwar Yawuri, da madatsar Bakolori da aka kammala a 1978, da ta Goronyo da aka kammala a 1984, da su Zobe da Jibiya a Katsina. Amma yana matsowa. Saurayi ya je ci-rani bakin kogin Kwara ya ga yadda ake yi, ya dawo da buri. Bayan ambaliya ko hatsari kuma akan ji gwamnati ko wani ɗan majalisa ya raba jirage da injuna. Duk inda aka kafa maganar inji, tambaya biyu ake yi: doki nawa ne, kuma nawa ne kuɗinsa. Ta ukun, wadda ita ce ran mutane ya rataya a kanta, ba a cika yin ta ba: a jikin me za a rataye shi?

Matsalar ta faro ne daga siffar kwalekwale kansa. A 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a Dufuna, cikin jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani baƙin katako a ƙarƙashin ƙasa. Da masana suka tono shi sai ga kwalekwale mai tsawon sama da mita 8, da aka auna shekarunsa aka samu wajen 8,000. Gaba da bayansa duk tsini ne. Haka kakanni suka sassaƙa, haka jikoki suke sassaƙawa, kuma suna da hujja: jirgin da ƙarfin damtse ke turawa yana son ruwa ya buɗe masa a gaba ya rufe a baya ba tare da ja-in-ja ba. Injin rataye kuwa a wata duniya aka haife shi. Ole Evinrude, haifaffen Norwe da ya girma a Amurka, ya fara sayar da nasa a birnin Milwaukee a 1909, ɗan ƙarami mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, kuma ya yi shi ne don ƙananan jiragen shaƙatawa na ƙasarsu masu yankakken gindi, waɗanda aka rufe bayansu da faffaɗan katako. Kamfanin Yamaha na Japan, wanda injunansa suka cika ruwayen Afirka ta Yamma, ya fito da nasa na farko a 1960, shi ma da wannan tsari. Har yau duk ƙaramin injin da za ka saya yana zuwa da muƙamuƙin ƙarfe mai kama da ƙugiya, da noti biyu masu hannu da ake murzawa, yana neman katakon da zai ciza. Wannan katako da ya rufe gindin jirgi shi zan riƙa kira allon baya. Kwalekwalen kakanni ba shi da shi.

Masunta a ƙasashe daban-daban sun warware wannan ta hanyoyinsu. Na Ghana, da suka fara rataya inji a manyan kwalekwalensu na teku tun wajen ƙarshen shekarun 1950, ba su taɓa tsinin ba. Sun kafa wa injin mazauni na katako a gefe ɗaya, kusa da gindi, kamar yadda ake goya yaro a kwankwaso. Na Senegal sukan huda rijiya a cikin jirgin ta wajen baya, su zura ƙafar injin ta ciki. A Kwara da madatsunmu, inda jirgin falankai ya fi yawa, an fi yanke gindin a rufe shi da allo. Kowace dabara da inda ta dace. Mazaunin gefe yana da sauƙi, kuma ba ya ɓata jirgi, amma kwalekwalen Ghana ƙato ne mai nauyi da faɗi. Ka rataya kilo 30 a gefen siririn kwalekwale mai zagayayyen ciki irin namu, ka ba shi dalilin kifewa tun bai bar gaɓa ba, kuma zai riƙa jan hanci gefe guda. In dole sai an yi haka, to ƙaramin inji, kuma mazaunin ya zauna a kan gungumen da ya ratsa jirgin daga wannan baki zuwa wancan, ba a kan baki ɗaya ba. Rijiya kuwa aikin gwani ce, kuskure kaɗan ta zama ƙofar ruwa. Saboda haka allon baya ne zan tsaya a kansa.

Mu fara da abin da injin yake yi wa katakon, domin wanda ya gane wannan ba sai an yi ta yi masa dogon bayani ba. Farfela tana can ƙasa cikin ruwa, a ƙarshen doguwar ƙafa. Idan ta juya, turin da take yi ba ya isa jirgin kai tsaye, sai ya bi ta ƙafar ya hau zuwa muƙamuƙin. Sakamakon haka gindin muƙamuƙin yana danna allon ciki, samansa kuma yana fizgo allon waje. Nauyin injin kansa, da yake lilo a bayan jirgi, yana ƙara wannan fizga. Duk wanda ya taɓa cire ƙusa da bayan hama ya san wannan motsi: dogon hannu, gajeren baki, ƙarfi kaɗan a can ya zama ƙarfi mai yawa a nan. Inji hamar cire ƙusa ce da ba ta gajiya, wadda kuma take karkarwa, don in an buɗe masa wuta yana juyi wajen 5,000 a minti ɗaya. Allon da aka buga da ƙusa ta baya, aka bi tsawon jijiyar falankan gefe, an buga shi ne daidai ta fuskar da injin zai zare shi.

Nan ne ake gane kafinta. Saurayi zai zo da zumuɗi ya ce, “Baba, a dai buga mini ƙusa shida masu kauri, gobe kasuwa.” Mai tsoron Allah zai ce, “A'a, ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Bar mini shi kwana uku.” A kwana ukun nan zai nemi katako mai tauri da ya bushe, irin maɗaci ko kawo ko ƙirya, marar ido marar tsagu, mai kaurin inci ɗaya da rabi zuwa biyu. In babu guda mai wannan kauri, sai ya haɗa biyu, jijiyar ɗaya a kwance ta ɗayan a tsaye, don kada su tsage tare. Zai zaunar da allon a kan ƙwarangwal na katako da ya bi cikin jirgin, sannan ya tokare shi da gwiwoyi uku: ɗaya daga tsakiyar allon zuwa ƙasan jirgi, biyu a kusurwoyin sama zuwa bakunan jirgin. Gwiwar da ta fi ƙarfi ita ce wadda bishiya ta tanƙwara da kanta, inda reshe ya rabu da uwa, don jijiyar icen ta bi lanƙwasar. Wadda aka yanko daga miƙaƙƙen falanki a wuyanta take karyewa. Gwiwoyin nan su ne ke karɓar turin injin su raba shi cikin jikin jirgi duka, maimakon a bar wa allon shi kaɗai.

Sannan noti, ba ƙusa ba. Noti mai ratsa katako ya fito ta ɗaya gefen a ɗaure shi, da faffaɗar washa a kowane gefe, ko ma faifan ƙarfe guda da mai walda zai yanka ya huda, wanda zai haɗa notocin duka. Ƙaramar washa nutsewa take yi cikin katako sannu a hankali, sai notin ya yi sako-sako ba tare da kowa ya taɓa shi ba. In da hali a nemi notin da ba ya tsatsa, ko wanda aka yi wa rufin tutiya, domin baƙin ƙarfe in ya yi tsatsa cikin jiƙaƙƙen katako ba kansa kaɗai yake ci ba, har icen da ke kewaye da shi yake baƙantawa ya ruɓar. Kowace huda a cika ta da kwalta ko fenti kafin a zura notin, don ta nan ruwa ke shiga cikin jijiyar ice ya ruɓar da shi daga ciki, alhali waje yana sheƙi. Inda notocin hannun injin za su danna kuwa, a manna ɗan faifan ƙarfe ko wani katako mai tauri da za a iya sauyawa, mai ɗan tudu a samansa, ta yadda ko notin ya saki ba zai zame ya fice ta sama ba.

Allon ba a tsaye cak ake kafa shi ba. Masu ƙera injin sun yi muƙamuƙinsa ne don allon da samansa ya ɗan kwanta baya, wajen digiri 12 zuwa 15. Kafinta ba ya buƙatar na'ura don wannan: a kowane inci 4 zuwa 5 na tsayi, saman ya fita baya da inci 1. Idan aka kafa shi a miƙe kamar bangon ɗaki, ƙafar injin za ta baje baya, farfela ta riƙa danna gindin jirgi ƙasa, goshi ya ɗaga sama, matuƙi ya daina ganin gabansa. A jikin muƙamuƙin akwai jerin huda da ɗan sandan ƙarfe da ake matsarwa don daidaita wannan kwanciya, amma iyakarsa gyara kaɗan. Ba ya gyara allon da aka kafa ba daidai ba, sai dai a sa masa wejin katako. Kuma injin ya zauna a tsakiya tsaf. A ja igiya daga tsinin goshi zuwa baya a sa alama, kada a dogara da ido, don kwalekwalen sassaƙa da wuya gefensa biyu su zo ɗaya.

Maganar da ta fi kowace wuya ita ce tsayi, kuma a nan ne gulabenmu suke da nasu hali. Ƙananan injuna iri biyu ne: mai gajeriyar ƙafa da aka yi wa allon inci 15, wato santimita 38, da mai doguwa na inci 20, wato santimita 51. Ana awon ne daga saman allo, inda muƙamuƙin zai zauna, zuwa ƙasan jirgi. A saman farfela akwai wani ɗan fiffike a kwance, aikinsa hana farfela zuƙo iska daga saman ruwa. Ƙa'idar masu injin ita ce fiffiken nan ya yi daidai da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci 1 ba. In ya yi sama, farfela ta sha iska, injin ya yi ta ihu jirgi na tsaye, kuma wannan yakan faru ne a mafi munin lokaci, a tsakiyar igiyar ruwa ko wajen juyawa. Bugu da ƙari, ramukan da injin ke shan ruwan sanyaya kansa suna nan kusa; famfon da ke jan ruwan ɗan roba ne mai fukafukai, in ya juya a bushe ko na ɗan lokaci ne ƙonewa yake yi. In kuma ƙafar ta yi ƙasa da yawa, jan ruwa ya ƙaru, mai ya tafi a banza, farfela ta riƙa noman yashi.

Yashi kuwa shi ne sarki a Gagare da Bunsuru. Tudun da ke nan da safe ya koma can da yamma, zurfin mutum biyu ya zama iya gwiwa cikin taku goma. Ruwan kansa ɗauke yake da rairayi, yana bi ta cikin famfon yana cin robar kamar takardar gogewa. Shi ya sa matuƙi a irin wannan ruwa ba ya daɗewa bai waiwaya ya dubi ɗan siririn ruwan da injin ke tsartarwa ta baya ba. In ya tsaya, a kashe inji nan take. An kuma ƙera injin ta yadda in ƙafarsa ta bugi tudu ko gungume yana tafiya gaba, za ta ɗaga sama ta ba da hanya. Wani sai ya ga tana motsi ya ɗauka lahani ne, ya ɗaure ta da waya ko ya sa a yi mata walda. Wanda ya yi haka ya tura duk ƙarfin bugun zuwa allon baya, kuma allon da ya ɓalle a tsakiyar gulbi ba inji kaɗai yake tafiya da shi ba, gindin jirgin yake barin a buɗe.

Akwai wani kuskure da ke tayar mini da hankali fiye da sauran, don yana kama da dabara. Mutum ya sami inji mai gajeriyar ƙafa da araha, jirginsa kuma mai zurfi ne, farfela ba ta kai ruwa yadda ya kamata. Maimakon ya nemi mai doguwar ƙafa, sai ya sa zarto ya rage tsakiyar allon har injin ya sauka. Injin ya zauna daidai, amma yanzu wurin da ya fi ko'ina kusa da ruwa a duk jirgin shi ne wurin da ya fi ko'ina nauyi. Yi lissafi. Injin doki 15 yana kusan kilo 40, na doki 40 ya haura kilo 70. Ƙara tankin mai na lita 25, wajen kilo 20, ƙara matuƙi. Kafin fasinja ɗaya ya shiga, an riga an ɗora wa gindin jirgin abin da ya kai buhun masara guda, da babban inji ma buhu da rabi. In aka yi lodi, tsakanin bakin yankan da ruwa bai fi tafin hannu ba. Jirgi mai tafiya yana jawo tudun ruwa a bayansa, ranar da matuƙi ya sauke wuta farat ɗaya, don ya hango gungume ko ya iso gaɓa, tudun nan zai cim masa ya hau ta yankan. Kowace lita kilo guda ce, kuma ruwan da ya shiga baya yake taruwa, ya ƙara nutsar da gindin, tudu na biyu ya shigo da sauƙi fiye da na farko. Idan babu makawa sai an rage allon, to a kafa allo na biyu cikakken tsayi a gaban injin, a toshe shi sosai, a bar ɗan kwarmi tsakaninsu mai hudar da ruwa zai koma gulbi. In ba haka ba, a bar allon da tsayinsa, a sa mai walda ya ƙera mazauni na ƙarfe da za a ɗaure a bayansa da noti, injin ya zauna a kansa a tsayin da ake so. Sai dai a tuna mazaunin yana ƙara nisanta nauyin daga jirgi, wato yana ƙara wa hamar nan tsawon hannu, don haka gwiwoyi da faifan ciki dole su ƙara ƙarfi.

Ba ina cewa allon baya ne ya jawo manyan haɗurran da suka girgiza ƙasar nan ba. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse a Kwara kusa da Wara, cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar, jirgin da ya taso daga Badau zuwa Bagwai a madatsar Watari ta jihar Kano ya kife da 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Maulidi, aƙalla 29 suka rasu. A nan Zamfara, ranar 14 ga Satumban 2024, jirgin manoma masu tsallakawa gonakinsu ya kife a Gummi, aka rasa sama da mutum 40. Allah ya jiƙansu da rahama. Abin da aka fi ambata a irin waɗannan shi ne lodi fiye da kima, da tsufan katako, da rashin rigar ruwa. Amma akwai zaren da ya haɗa lodi da inji. Jirgin hannu yana da mai tsawatarwa a cikinsa, wato damtsen mai fito: in kaya suka yi yawa shi zai fara ji, ya ce a rage. Inji ba ya cewa a rage. Yana tura jirgin da ruwa ya kusa bakinsa kamar yadda yake tura wanda ba kowa, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane sawu ya yi tsada, mai jirgi yana son sawu ɗaya ya biya kuɗin biyu. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, tana da dokoki kan lodi da rigar ruwa da tafiyar dare, kuma dokoki ne masu kyau. Sai dai hedikwatarta tana Lokoja, mashigin ƙauye a ƙasar Zurmi kuwa wata uku ko huɗu yake aiki a shekara. Mai duban da zai iya zuwa kullum shi ne sarkin ruwa, da kafintan da ya kafa allon, da dattawan mashigi. Ina ganin ya kamata su ɗauki wannan a matsayin haƙƙi a wuyansu: a ja layi da fenti a jikin jirgi, in ruwa ya taɓa layin ba mai ƙara shiga, ko ɗan sarki ne.

Halin da yankin yake ciki ya ƙara wa maganar wasu rassa. Inda 'yan bindiga suka hana mutane barci, ba mai barin inji ya kwana a bakin gulbi. Kullum da yamma a kwance shi a kai gida, da safe a dawo da shi. Ke nan ba za a ɗaure shi da noti na dindindin ba kamar yadda ake yi wa manyan injuna, notocin hannu ne za su riƙe shi, su kuwa karkarwa tana kwance su. A murza su da hannu iya ƙarfi, a sake dubawa bayan an ɗan yi tafiya, a haɗa hannayensu biyu da igiya don kada su juya. A kuma ɗaure injin da igiya mai ƙarfi ko sarƙa zuwa ƙwarangwal ɗin jirgi, ba zuwa allon kansa ba. Ga kuma mai. A watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako a Zamfara, har da sayar da fetur a jarka aka hana, jirgi kuwa ba ya zuwa gidan mai da ƙafarsa. Duk mai inji a ƙasar nan ya ajiye sandarsa da filafilinsa a cikin jirgi, ya kuma tabbata yaron da ke tuƙa masa ya iya aiki da su, don ranar da injin ya mutu a tsakiyar ruwa su ne za su kai shi gaɓa.

Wani lokaci nakan ce anya ma injin rataye ne ya fi dacewa da gulbin yashi? A Tailan da kogunan Amazon na ƙasar Peru, inda ruwa ke da tudu da gungume kamar namu, sukan ɗauki ƙaramin injin fetur, ɗan'uwan wanda masu lambunmu ke ban ruwa da shi, su ɗora shi a kan maƙalli mai juyawa a gindin jirgi, su haɗa masa dogon bututu mai farfela a ƙarshe, ya miƙe baya kamar wutsiya. Matuƙi ya danna hannu, farfela ta fito daga ruwa ta tsallake tudu. Iska ce ke sanyaya injin, ba ruwansa da rairayi, nauyinsa yana cikin jirgi ba a waje ba, kuma duk bakaniken da ke gyaran injin ban ruwa a Shinkafi ko Ƙauran Namoda ya san cikinsa. Yana da nasa haɗari, don farfela a buɗe take lilo a bayan jirgi, kusa da masu wanka da masu jiran fito. Duk da haka na so a ce wani mai walda a garuruwan nan ya gwada, da rani injin ya shayar da albasa, da damina ya yi fito.

Ko wanne aka zaɓa, rani ne yake yanke hukunci a kan aikin kafinta. Jirgin Yawuri a ruwa yake kwana shekara duka, na ƙasar Zurmi kuwa wata takwas ko tara yake yi a tudu, hunturu ya busar da shi, zafin bazara ya gasa shi. Katakon da ya kumbura da damina ya matse a ƙarƙashin washa, da ya bushe sai ya janye ya bar notin yana rawa. Hudar ta faɗaɗa, tsagu ya buɗe daga wannan noti zuwa wancan, gara ta shiga ta inda allon ya taɓa ƙasa. Don haka a kife jirgin a kan duwatsu cikin inuwa, kada allon ya taɓa ƙasa. Kafin ruwan farko a bi allon da tsinin wuƙa, musamman kewayen notoci da kusurwoyin ƙasa. Inda wuƙa ta shige ba gardama, wurin ya mutu, a sauya shi, fenti ba ya tayar da shi. A ƙwanƙwasa a saurara, lafiyayyen ice yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe kamar an bugi kabewa.

Ranar da gulbi ya kawo, a sa jirgin a ruwa ya kwana biyu ya sha, falankai su kumbura su rufe bakinsu. A rataya injin, a ɗaga ƙafarsa sama, mutum ya kama ta ya jijjiga da ƙarfi, wani kuma ya ɗora tafinsa inda allon ya haɗu da gefen jirgi. In ya ji motsi ko kaɗan, ko ya ga ruwa na tsatsowa ta gindin noti, a koma wurin kafinta. In shiru, a cika buhuna da yashin gaɓa daidai nauyin mutanen da ake son ɗauka, a jera su yadda fasinja za su zauna, matuƙi da mutum ɗaya da ya iya ruwa su fita. Su haura, su gangaro, su juya dama da hagu suna sauraren ko farfela za ta sha iska, su buɗe wuta sannan su sauke farat ɗaya suna kallon tudun ruwan da ke biyo su, su ga inda ya tsaya a jikin allon. Su sauke buhunan su sake fita da jirgin ba kaya, don gindi yakan ɗaga in ba nauyi. In sun dawo, sufana ta sake bin kowane noti, a ja layin fenti inda ruwa ya tsaya lokacin da buhunan ke ciki. Bayan nan ne za a ce wa masu tallan nono da manoman da ke tsaye da fartanyoyinsu a bakin mashigi su shigo, a fara da bismillah.